Tafiyar Ƙafa a Karkara da Kwarin Kogi: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a shekarar 1911, kusan duk wanda ya bar garinsu a ƙasar nan da ƙafa ya bar shi, in ban da mai doki ko mai raƙumi. Fatake sukan tashi daga Kano su nufi Gwanja neman goro, su yi watanni suna bin turba, madugu yana shugabancin ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya, kowane zango kuma an san rijiyarsa da inuwarsa. Mota da babur sun rage wannan wahala ƙwarai, amma ba su kashe turba ba. Har gobe da ita manomi yake zuwa gona, da ita mata suke zuwa rafi, da ita yara suke zuwa makaranta.

A 'yan shekarun nan an sami ƙarin masu bin waɗannan hanyoyi waɗanda ba fatauci ko noma ya fito da su ba. Akwai ɗalibai da malamansu, da 'yan sikawut, da masu hidimar ƙasa, da ma'aikatan ofis waɗanda zaman kujera ya gajiyar, duk suna fita ranar hutu domin su miƙe ƙafa, su sha iska, su ga ƙasarsu. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai yawancinsu 'yan birni ne, ba su san halin kogi ba, ba su san ladabin gona ba. Ta haka yawon nishaɗi yakan ƙare da rigima, wani lokaci ma da asarar rai. An shirya wannan bayani ne domin a guje wa haka.

Amfanin tafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki matsakaici. Tafiya da ɗan sauri tana cikin irin wannan motsi, ba ta kuwa bukatar kuɗi ko wani kayan wasa. Tana taimakawa wajen rage hawan jini da ƙiba, tana kuma rage haɗarin ciwon sukari da ciwon zuciya, watau cututtukan da suka yawaita a birane tun da jama'a suka koma hawa mota ko da zuwa masallacin unguwa ne.

Ban da lafiya akwai ilmi. Yaron da ya tashi a birni yana shan kunun tsamiya, yana cin miyar kuka da daddawa, amma mai yiwuwa ne bai taɓa tsayawa ƙarƙashin ɗorawa ba, bai kuma san bambancin giginya da goruba ba. Wuni ɗaya a bakin fadama zai nuna masa yadda ake ban ruwa a lambu, da yadda masunci yake kafa gura, da dalilin da ya sa manomi yake barin gawo a tsakiyar gonarsa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma wanda ya ga wahalar da ake sha kafin hatsi ya shiga rumbu ba zai raina mutumin ƙauye ba.

Wuraren da suka dace

Kwarin kogi ya fi dacewa da sabon shiga, domin hanyarsa ba ta da hawa da gangara mai tsanani, akwai inuwa, ƙauyuka kuma ba su da nisa da juna. Nijeriya tana da irin wannan ƙasa da yawa. Kogin Kwara da na Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja, suna da rassa masu yawa, kowane reshe kuwa da fadamarsa.

A tudun Jos, inda garin yake kimanin mita 1,200 bisa teku, iska tana da sanyi, ƙasa kuma a buɗe take, mutum yana hango nesa. Daga wannan tudu ne Kogin Kaduna da Kogin Gongola suka samo asali. Turbobi suna ratsa gonakin acca da dankalin turawa, suna bi ta tsakanin shingayen ƙerana da mutanen wurin suke kewaye gidajensu da su. A duwatsun Shere akwai makarantar Gwamnatin Tarayya ta horar da matasa kan shugabanci da zama ɗan ƙasa nagari, inda tafiyar ƙafa take cikin darussa. Abin kiyayewa a wannan yanki shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ruwansu a kwance yake, yana jan hankalin mai jin zafi, alhali kuwa suna da zurfi, bakinsu kuma yana zaftarewa.

A jihohin Taraba da Adamawa akwai Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan. Hedkwatarsa tana Serti. A cikinsa dutsen Cabbal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Hawansa aikin ƙwararru ne na kwanaki, amma a ƙasa, kusa da ƙauyen Gashaka, akwai hanyoyi masu sauƙi a gefen koguna, da kufan sansanin da Jamusawa suka gina a zamanin da suke riƙe da yankin. Doka ta hana shiga gandun dajin ƙasa ba tare da izini ba, kuma ma'aikacin gandu ne zai yi wa baƙo jagora.

A arewa maso gabas, inda Kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama Kogin Yobe, akwai fadamar Haɗeja da Nguru. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai shinkafa da kifi da shanu, kuma da hunturu tsuntsayen ruwa sukan taso daga ƙasashen Turai su sauka a cikinta. A kudu maso yamma kuwa akwai kurmin Oshun a Oshogbo, a bakin Kogin Oshun, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Wuri ne mai alfarma ga masu shi, saboda haka baƙo zai bi ƙa'idar da aka gindaya masa.

Tilas ne a faɗi gaskiya a nan. Waɗansu dazuzzuka da hanyoyin karkara sun yi fama da 'yan fashi da masu satar mutane a shekarun nan, kuma wurin da yake lafiya bana yana iya canzawa baɗi. Kada a dogara da labarin wanda ya je shekara biyu da suka wuce. A tambayi 'yan sanda da hakimin yankin a makon da za a tafi. In sun ce a dakata, sai a dakata.

Lokaci da lissafin hanya

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, ciyawa ta kwanta, rana kuma ba ta yi tsanani ba. Daga Maris zuwa faɗuwar damina zafin bazara yana iya kayar da ƙaƙƙarfan mutum. Da damina ƙasa takan yi kyaun gani, amma a lokacin ne kogi ya fi haɗari.

Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a kan hanya miƙaƙƙiya. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, Wiliyam Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892 wadda ake amfani da ita har yanzu: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sa'an nan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Alal misali, hanya mai kilomita 10 wadda take da hawan mita 300 za ta ci awa biyu da rabi. Wannan lissafi bai haɗa da hutu da salla da cin abinci ba, bai kuma yi la'akari da yashi ko taɓo ba, don haka sai a ƙara masa. In akwai yara ko dattawa, da saurin mafi rauninsu za a auna tafiyar. A fita da sassafe, a huta da tsakar rana, a tabbata an komo kafin magariba. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Shiri da guzuri

Kada mutum ya fita shi kaɗai. Mutum uku ko huɗu sun fi, domin in ɗaya ya ji rauni wani zai zauna tare da shi, wani ya tafi neman taimako. A gaya wa na gida inda aka nufa, da hanyar da za a bi, da lokacin komowa. Wayar hannu tana da amfani, a cika ta da caji, a kuma riƙe lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112. Amma kada a manta cewa a cikin kwari sau da yawa ba a samun layi.

Takalmi ya zama sau ciki wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, gama sabon takalmi yana sa bororo tun kafin a yi nisa. Dogon wando da riga mai dogon hannu suna kare jiki daga ƙaya da ƙarangiya da cizon ƙwari. A ɗauki malafa ko hula, da sanda, da tocila, da bandeji, da sabulu. Guzuri ya zama mara nauyi wanda ba ya lalacewa da wuri, kamar dabino da gyaɗa da ƙuliƙuli da kilishi.

Ruwa shi ne babba. Kowa ya ɗauki aƙalla lita biyu zuwa uku don tafiyar wuni, ya riƙa kurɓa a kai a kai tun ƙishirwa ba ta kama shi ba. In wani ya fara jin jiri da ciwon kai da kasala, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In hankalinsa ya fara gushewa, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Haƙƙin masu ƙasa

Abin da ɗan birni yake kira daji, a wurin mutumin ƙauye gonar wane ce, ko makiyaya, ko maƙabarta, ko wurin tsafin kakanni. Saboda haka farkon abin yi shi ne a je wurin mai unguwa ko dagaci a yi gaisuwa, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Baƙon da bai yi sallama ba akan ɗauke shi mugu, balle a zamanin da mutane suke zaune cikin tsoro. Dagaci zai haɗa baƙi da ɗan jagora wanda ya san mashigi da wuraren da ba a shiga. A yi ciniki da shi tun da fari, a biya shi haƙƙinsa cikakke.

A bi turba, kada a yanke ta cikin shuka. Mutum goma in suka taka kunyar gyaɗa ko lambun albasa, cikin minti kaɗan sun ɓata aikin makonni. Ba a tsinkar mangwaro ko karya rake ko tonon rogo sai da izinin mai shi. Ba a ɗaukar hoton mutane, musamman mata a bakin rafi, sai an tambaya. Ba a wanki da sabulu ko bayan gida kusa da inda gari yake ɗibar ruwan sha. Leda da gwangwani da kwalba a komo da su gida, domin leda tana kashe akuya da saniya in suka haɗiye ta.

Waɗansu hanyoyin burtali ne, watau hanyar da aka keɓe wa shanu, irin waɗanda aka riƙa shatawa tare da makiyayu tun bayan dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. In aka haɗu da garke, a koma gefe ɗaya a tsaya, a gai da makiyayi, a bar dabbobi su wuce. Kada a ratsa tsakiyarsu, kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta.

Wuta kuwa ita ce mafi muni. Da kaka da hunturu ciyawa a bushe take, iska tana kaɗawa, guntun taba ɗaya yana iya cinye dammunan hatsi na ƙauye guda. In an hura wuta don dafa shayi, a share kewayenta, a kashe ta da ruwa, a rufe da ƙasa kafin a tashi.

Halin kogi

Kogi yakan cika ko da ba a ga hadari ba. Ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya isowa busasshen rafi cikin ɗan lokaci, kamar yadda buɗe ƙofofin madatsa yake ɗaga ruwa a ƙasa da ita. Mutanen kwarin Binuwai sun san abin da yake biyo bayan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Ambaliyar 2012 ta raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da mutum 600. Saboda haka ba a kwana a kan yashin kogi, ba a kuma yada zango a gindin gaɓa.

Ruwa mai gudu da ƙarfi, ko zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, yana iya kwashe ƙafar babban mutum. A ƙetare a mashigin da mutanen gari suke bi kawai. A duba zurfi da sanda, a fuskanci inda ruwa yake fitowa, a sassauta igiyar jaka yadda za a iya yar da ita. In ruwa ya yi ja, yana ɗauke da itatuwa da kumfa, alama ce yana ƙaruwa, sai a haƙura a jira. In da kwalekwale za a haye, a sa rigar kariya, a ƙi shiga jirgin da aka cika fiye da kima, a ƙi tafiyar dare. A tambayi masunta ko akwai kada ko dorina. Dorina takan fito kiwo da dare ta koma ruwa da asuba, kuma wanda ya tare mata hanyar komawa ya sa kansa cikin halaka. In hadari ya taso da tsawa, a fita daga ruwa, a nisanci doguwar itaciyar da take tsaye ita kaɗai a fili.

Cututtukan bakin ruwa

Tsargiya, watau fitsarin jini, tana samuwa ne daga ƙananan katantanwa da suke zaune a ruwa mai kwanciya. Ƙwayar cutar tana fita daga jikinsu ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ba sai ya sha ruwan ba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya shiga irin wannan ruwa ya je asibiti, akwai magani mai suna praziquantel wanda yake kashe ta.

Inda ruwa yake gudu a kan duwatsu kuma, nan wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda yake hayayyafa, wanda cizonsa yake kawo ƙaiƙayi mai tsanani da makantar kogi. Da rana yake cizo, ya fi kuma kama ƙafafu, shi ya sa dogon wando da safa suke da amfani. Tun 1987 ake ba da maganin ivermectin kyauta domin yaƙi da wannan cuta. Wanda zai kwana a ƙauye ya tafi da gidan sauro.

Kurkunu, wanda a 1988 aka ƙidaya masu fama da shi fiye da 650,000 a ƙasar nan, an kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013. Wannan bai mai da ruwan tafki abin sha ba, domin kwalara da taifot da zawo suna nan. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi.

Maciji

Kububuwa ita ce ta fi yi wa mutane ɓarna a kwarin Binuwai da kewayensa, ga kuma kasa da gamsheƙa. Yawancin sara yana faruwa ne a ƙafa, sa'ad da aka taka maciji ba a sani ba, ko a hannu, sa'ad da aka cusa shi cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Rufaffen takalmi da tocila da dare suna hana mafi yawansa. In tsautsayi ya auku, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire masa zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da itace yadda ba za ta motsa ba kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da tsumma ko roba har jini ya tsaya, gama hakan yakan jawo ruɓewar ƙafa. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Allurar kashe dafi ita ce magani, kuma asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe ya shahara a kan wannan aiki. Ya kamata tun kafin a fita a san asibiti mafi kusa.

Kiyaye turba

Turba tana mutuwa in aka daina bin ta, ko aka nome ta, ko aka gina katanga a kanta. Kakannin mutanen Sukur, a Jihar Adamawa, sun daɓe hanyoyinsu na kan dutse da faffaɗan duwatsu, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya sa UNESCO ta karɓi wurin a 1999, shi ne na farko a Nijeriya. A Ingila da Wales wata doka ta 1949 ta umarci hukumomin gundumomi su zana taswirar duk hanyoyin ƙafa da jama'a suke da haƙƙin bi, har waɗanda suka ratsa gonakin mutane. Hanyar da take bin Kogin Tems daga mafarinsa zuwa London, mai tsawon kusan kilomita 300, an buɗe ta a 1996, kuma ƙauyukan da take ratsawa suna cin moriyar masu saye da masu kwana.

Ƙananan hukumomi da masu sarauta suna iya yin irin wannan da ɗan abin da yake hannunsu. A rubuta turbobin da burtalolin da suke yankin, a kafa musu alama, a hana toshe su sa'ad da ake rabon filaye, a gyara mashigi da aikin gayya bayan kowace damina, a horar da samarin gari su zama 'yan jagora. Makarantu kuma su nemi izinin iyaye da na hukuma kafin su fita da yara, su tabbata akwai isassun malamai tare da su.

Wanda ya tambayi hanya, ya gai da masu gari, ya kiyaye shuka, ya ji tsoron ruwa, shi ne zai komo gida lafiya, shi ne kuma za a yi wa maraba in ya sake zuwa. Matambayi ba ya ɓata.